Osman Ɗan'inna, Mai Riƙe da Iyakar Daji

A unguwar Jurf ta Madina, can inda gidaje suka fara raguwa gonakin dabino suka soma, akwai wani dattijo dogo, baƙi, mai ɗan ranƙwafawa, wanda ma'aikatan wajen ke kira Ammu Osman. Hausawa kuwa Baba Ɗan'inna suke ce masa. Shekararsa goma sha bakwai yana aiki a gona ɗaya. Da can shi ke hawa bishiya da igiya a ƙugu, ya sare busassun rassa, ya ɗaura furen namiji a jikin ta mace idan lokaci ya yi. Yanzu gwiwa ta hana, sai aka bar masa ban ruwa. Yakan buɗe famfo da safe, ya bi tiyo layi-layi yana duba inda ya toshe. Mai gonar yana ganin girmansa, amma bai san komai game da shi ba, ban da cewa mutumin Sudan ne kuma ba ya yawan magana.

An haife shi a Zangon Aduwa, wani ƙauyen Hausawa a kudu maso gabashin Sudan. Kakanninsa maniyyata ne da suka taso daga ƙasar Hausa da ƙafa, guzuri ya ƙare musu a hanya, suka ce bari su yi damina ɗaya su ƙara ƙarfi. Ba su sake ɗaure kaya ba. Abin da ya riƙe su shi ne dajin bayan ƙauyen, Dajin Kaka, wanda aka sa wa sunan wata tsohuwa cikin ayarin da ta fara gano ruwa a cikinsa. Dakwara ce ta fi yawa a ciki, bishiyar nan mai ƙaya da ke zubo da ƙaro idan an ɓare ɓawonta da rani. Da ƙaro suke sutura, da shi suke aure da suna. Akwai tsamiya da kuka da marke, akwai zuma, akwai ciyawar jinka. Kuma ba su kaɗai ke da shi ba. Fulani na ratsa burtalinsa sau biyu a shekara. Mutanen dutse, waɗanda Hausawa suka tarar a ƙasar, suna da kaburbura da wuraren da baƙo ba ya shiga a gefen gabas.

Mahaifiyar Osman ta rasu yana goye, ƙanwarta ce ta raine shi, shi ya sa sunan Ɗan'inna ya bi shi har furfura. Kawunsa shi ne mai rabon daji, wato wanda ke nuna wa kowane gida inda zai ɗebi ƙaro a kowace shekara, ya kuma raba rigima idan ta taso. Duk bayan girbi sai kawun ya zagaya iyakar dajin da ƙafa, tafiyar kwana uku, Osman na biye da shi da gora. Alamomi arba'in da bakwai ne: kukar da aradu ta tsaga, surin da ya fi mutum tsawo, ƙoramar da ke juyawa hagu, dutse mai kama da turmi. Ba a rubuta ko ɗaya ba. Da kawun ya kwanta dama, ba a ma yi taro ba, kowa ya san wa zai gaje shi.

A kakar shekarar 2004 mata suka dawo daga itace suka ce sun ga turaku masu jan fenti a tsakiyar daji, a jere kamar an ja zare. Bayan mako biyu sai ga mota da wani jami'i da mutum biyu na wani kamfanin noma. Aka tara jama'a a ƙofar masallaci. Jami'in ya karanta takarda da Larabci, cewa dajin fili ne da ba shi da mai shi, an ba kamfanin don ya noma riɗi da dawa.

"Ba shi da mai shi?" in ji Osman. "To mu da ke zaune a gabanka fa?"

"Kuna da takarda?"

"Muna da kaburburan iyayenmu a ciki."

"Kabari ba ya shiga fayil, ya Shehu," in ji jami'in. Ba da wulaƙanci ma ya faɗa ba, sai kamar likita yana gaya wa mara lafiya abin da gwaji ya nuna.

Washegari Osman ya ɗauki sanda ya nufi rugar Arɗo Ja'afaru, shugaban Fulanin da ke bin burtalin. Shekara biyu ba sa gaisawa, tun da Osman ya kore shanunsa daga cikin ƙananan dakwara. Arɗo ya bar shi tsaye a rana har ya gama shan nononsa.

"Kai da ka kore mini shanu, yau hannuna kake nema?"

"Arɗo, lokacin muna da abin da za mu yi faɗa a kansa. Idan muka yi shiru, baɗi babu shi."

Sai Arɗo ya sa aka shimfiɗa masa buzu. Daga nan su biyu suka hau dutse wajen sarkin mutanen can, tsohon da ba ya gani sosai, suka tuɓe takalma tun daga ƙasa. Ƙabilu ukun suka haɗu a gindin wata tsamiya suka yi alkawari biyu: ba wanda zai sa hannu a takarda shi kaɗai, kuma ba wanda zai ɗauki makami, ko da wuƙar yanka albasa ce.

Ranar da katafila biyu suka iso, da wata sarƙa mai kaurin cinyar mutum a tsakaninsu, sun kayar da bishiyoyin rabon gida goma sha ɗaya kafin azahar. Ana jin ƙarar karyewarsu daga cikin gari. Maza suka tsaya cirko-cirko, kowa na duban Osman. Wadda ta san abin yi ita ce Azumi, taubashiyarsa, 'yar kawun nan nasa, bazawara mai 'ya'ya biyar da bakin da ba a iya tarewa. Ta bi gida-gida ta kwaso mata da turamensu da tabarensu da goyonsu, suka je suka zauna a gaban sarƙar suka kama daka. Maza suka zauna a bayansu, hannuwa bisa gwiwa. Fulani suka turo shanu suka cika sauran filin. Direban katafila ɗaya, magidanci daga wani ƙauyen bakin kogi, ya kashe injin ya sauko, ya ce a taimaka masa da ruwan sha. Azumi ta ba shi kunu a ƙwarya, ta ce ya gaida matarsa. Kwana goma sha tara suka yi a wajen, ana kawo abinci daga gari, har aka janye injinan.

Amma da shekara ta zagayo kamfanin ya dawo da masu gadi ɗauke da bindigogi. Wata safiya Musaddiq, ɗan farin Osman, wanda watansa biyar da aure, ya je da abokansa suna cire sababbin turaku. Masu gadin suka ce sama suka harba. Harsashi ya same shi a wuya, ya cika kafin a kawo shi gida. Samarin ƙabilun uku suka fito da gatura da kwari da baka. Osman ya tare su a bakin gari, jinin ɗansa a gaban rigarsa.

"Ni na haife shi," in ji shi. "Idan akwai wanda ya fi ni jin zafi, ya fito ya wuce. Idan babu, ku ajiye, ku zo mu haƙa kabari."

Ba a kai shi maƙabarta ba. Osman ya ce a binne shi a gindin marken da ke iyakar yamma, daidai inda turakun kamfanin suka fara. Bayan kwana tara aka zo aka tafi da Osman, wai shi ke tunzura jama'a. Ya yi wata takwas a tsare.

Wata lauya daga birni, Ustaza Wafa, ta ɗauki shari'ar don Allah. Aka yi shekara uku ana zarya, a ɗage yau, a ɗage gobe. A ƙarshe aka kira sulhu: kashi biyu cikin uku na dajin, har da burtali da kaburbura, za a rubuta shi da sunan ƙabilun uku, a zana taswira, a ajiye a ofishin gunduma. Akwai sharaɗi ɗaya da ba a rubuta ba. Dattawa suka yi ta zuwa gidan Osman suna shan shayi suna tashi, ba wanda ya iya faɗa. Azumi ce ta same shi yana gyaran danga.

"Taubashi, sun ce muddin kana ƙasar nan ba za su sa hannu ba."

"Har zuwa yaushe?"

"Ba su faɗa ba."

Ya gama ɗaure igiyar da ke hannunsa, ya ja ta ya ga ta yi ƙarfi. "To a gaya musu su kawo alƙalami."

Haka ya bar Zangon Aduwa a 2008. Wani ɗan'uwansa, Abubakar Siddiƙ, da ya daɗe yana tuƙi a Madina, shi ya samo masa aikin gonar da iƙama, wato takardar zama. Duk wanda ya ji labari sai ya ce masa ya dace, Allah ya musanya masa da maƙwabtakar Manzonsa. Shi ma ya yarda da haka. Ranar da ya fara shiga Masallacin Annabi ya yi kuka har wani Baturke ya dafa shi. Saboda haka da kewa ta fara cinsa, sai ya ɓoye ta kamar abin kunya. Ta yaya mutum zai zauna a Madina yana mafarkin dajin ƙaya? Ya shekara biyu yana istigfari a kan haka, kafin ya daure ya tambayi wani malami ɗan Chadi da ke karantarwa bayan la'asar. Malamin ya yi murmushi ya ce, "Baba, ai waɗanda suka yi hijira zuwa garin nan tun farko, su ma da zazzaɓi ya kwantar da su, kwazazzaban Makka da ciyayinta suka riƙa ambata. Ba laifi ba ne." Daga ranar Osman ya daina neman gafara a kan kewarsa, amma bai daina yin ta ba.

Sai bayan shekara uku matarsa Fatna da autarsu Huda suka samu takardun biyo shi. Suka kama ɗaki biyu a bayan wani gidan burodi. Fatna ta saba da garin fiye da shi. Ta yi ƙawaye 'yan Nijar da 'yan Kano, tana dafa musu kisra, wainar dawa mai faɗi ta 'yan Sudan, suna koya mata ɗanwake. Huda ta shiga makaranta, kafin shekara biyu Hausa ta koma kunnenta, Larabci ya zauna a bakinta. Ka yi mata magana da Hausa ta ji sarai, ta amsa maka da "tayyib", wato to. Fatna ta rasu a 2017, aka yi mata sallah a Harami, aka binne ta a Baƙi'a. Kaburburan can ba su da suna. Osman ya lura da wajen da kyau ranar jana'iza, amma da ya koma bayan wata guda, ya tarar an yi sababbin layuka, bai iya tantancewa ba. Tun daga nan idan ya je sai ya yi sallama ga kowa da kowa.

Yana da wasu ɗabi'u da mutane suka sani ba su san dalilinsu ba. Duk baƙon da ya zo daga Sudan, kafin ya tambaye shi iyali sai ya tambaye shi ruwa: yaushe aka fara, ya sauka da iska ko a natse, ƙoramu sun kawo? Ran Juma'a bayan an sauko, yakan taka har unguwar Anbariyya, zuwa wani shagon kayan yaji da turare inda ake sayar da ƙaro a buhu. Sai ya zaɓi ƙwaya ɗaya ya ɗaga ta wajen haske, ya juya, ya ce, "Wannan ɗiban farko ne, amma an yi gaggawa, ba a bar shi ya bushe a jikin uwarsa ba." Mai shagon ya daina hana shi tuntuni, har kujera yake tura masa. Idan kuma aka yi sa'a ruwa ya sauka a Madina, ma'aikata na gudu suna fakewa, shi sai ya fita tsakiyar gona ya tsaya. Ya taɓa gaya wa Huda cewa ƙasar nan ma tana ƙamshi idan ta jiƙe, sai dai ƙamshin ba ya kwana.

Labarin gida yana zuwa ta waya, gutsi-gutsi. Arɗo Ja'afaru ya rasu. Sarkin dutse ya rasu. Kamfanin ya noma rabonsa shekara bakwai, ƙasar ta gaji, ya kwashe injinansa ya tafi. Osman ya fara maganar komawa, har ya sa aka ɗinka masa riga. Sai aikin ido ya tsayar da shi, bayan wannan annoba ta rufe hanyoyi, bayanta kuma auren Huda da Saif, wani natsattsen mutumin Chadi da ke aikin lodin kaya a filin jirgin sama. Yana cewa bari a yi suna tukuna, sai yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023. Wayoyin Zangon Aduwa suka mutu gaba ɗaya. Wata takwas yana kiran lambobi shida kullum bayan sallar asuba, ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ke shiga. Da ɗaya ta shiga, abin da aka iya gaya masa kawai shi ne: muna raye.

A farkon 2025 Saif ya dawo daga aiki ya ce, "Baba, gobe kana da baƙuwa. Ɗanta da ke aiki a Jidda ya kawo ta umra, ya roƙe ni in tarbe ta. Ta ce in gaya maka ka wanke ƙafarka kafin ka zo."

Osman ya yi dariyar da Huda ba ta taɓa jin irinta ba. "Azumi ce. Ba wani mahaluki da zai aiko mini da wannan sai ita."

Ya same ta a wani masauki a Anbariyya, zaune a kan katifa a ƙasa, ta rame har zoben hannunta an naɗa masa zare. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Wai, taubashi, Larabawa ba sa ba ka abinci ne?"

"Ke fa? Na ga yaƙi ya cinye ki ya bar bakin."

Suka yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, kowa ya kau da kai. Aka kawo shayi. Ta lissafa masa waɗanda suka rasu, gida-gida, daga ƙofar masallaci har bakin rijiya, yana cewa Allah ya jiƙansu. Bai tambayi daji ba. Ita ce ta kawo maganar.

"Mutane sun gudo mana daga birane, dubbai, ba abinci, ba hanyar fitar da ƙaro. Sai gawayi. Gefen kudu duk ya tafi." Ta ajiye kofin. "Ɗan'inna, da hannuna na sare. Jikoki tara a ɗakina. Bishiyoyin gidanmu, waɗanda Baba ya nuna mana, ni na ƙone su na sayar. Na ce ba zan bari ka ji a bakin wani ba."

Osman ya ce, "Yaran sun rayu?"

"Duka tara."

"To."

Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta bayan ibada. Ofishin gunduma ya ƙone da duk abin da ke ciki, har da taswirar sulhu. Kwafin da ke hannun Ustaza Wafa ya ɓace da gidanta. Yanzu da ƙura ta ɗan lafa a yankinsu, wasu masu ƙarfi sun fara zuwa suna auna dajin, suna cewa ba shi da iyaka. 'Ya'yan Arɗo da jikokin sarkin dutse da mutanen gari sun kafa kwamiti, lauyar ta ce idan aka samu iyakar daga bakin wanda ya gaje ta, aka bi aka tabbatar a gaban shaidu, za ta iya tsayawa da ita. Wanda aka naɗa mai rabon daji bayan tafiyar Osman ya dogara da taswira, bai haddace ba, kuma shi ma ya rasu.

"Saura kai kaɗai," in ji Azumi. "Idan ka mutu da ita a ciki, sai na biyo ka Baƙi'a na tone ka."

Safiya huɗu suka yi a gonar, a inuwar dabino, bayan ya gama buɗe ruwa. Azumi na zaune a kan kwandon roba da aka kifa, Huda na riƙe da waya tana ɗaukar muryarsa, jaririyarta a cinya. Osman ya kasa yi a zaune. Sai da ya miƙe, ya riƙe sanda, ya rufe ido, sannan maganar ta zo.

"Ka fita ta bayan rijiya, rana a kafaɗarka ta dama. Ka yi tafiya har ka ji ƙasa ta daina ƙara a ƙarƙashin takalminka, ta koma laka. Nan za ka ga kukar da aradu ta tsaga. Kada ka bi ta gabanta, iyaka ta bayanta take. Daga nan ka nufi suri."

"Shwayya shwayya, ya Baba," in ji Huda, wato a hankali. "Esh suri?"

Ya buɗe ido ya dube ta. "Gidan gara, 'yar nan. Tudun da gara ke ginawa."  Ita ma ta ga yadda Hausa ta kuɓuce mata, ta sunkuyar da kai. Da ya ci gaba, duk kalmar da ba ta sani ba sai ta maimaita ta a hankali, marke, burtali, fadama, kamar mai ɗanɗana abincin da ta taɓa ci tana ƙarama.

A rana ta uku suka iso iyakar yamma. Ya faɗi dutse mai kama da turmi, ya faɗi ƙoramar da ke juyawa hagu, sai ya tsallaka zuwa tsohuwar rijiyar Fulani.

"Ka bar ɗaya," in ji Azumi.

"Ban bari ba."

"Ka bari, Ɗan'inna."

Ruwa na ta tsiyaya daga tiyo a gindin dabino. Ya jingina da sandarsa. "Marken yana nan?"

"Yana nan. Duk yunwar da aka yi ba wanda ya kai masa gatari. Har baƙin da suka zo an gaya musu. Matar Musaddiq ta yi wani auren, amma duk Sallah sai ta je ta share wajen."

Ya gyara tsayuwa ya ce wa Huda ta ɗauka. "Alama ta talatin da ɗaya, marke mai rassa uku. A gindinsa ta gabas akwai kabarin Musaddiq ɗan Osman. Yayanki ne, kina da shekara biyu. Shi ke ɗaga ki ki tsinko tsamiya." Daga nan bai ƙara tsayawa ba har ya kai ƙarshen na ranar.

Azumi ta koma bayan mako biyu da muryarsa a cikin wayar da ɗanta ya ba ta. A filin jirgi ta ce masa ya biyo ta, ai waɗanda suka kore shi sun watse tuntuni. Ya ce in sha Allahu. Dukansu sun san fasfonsa ya mutu, hanyar ba ta da tabbas, gwiwarsa ba za ta kai shi ko alama ta biyu ba, kuma duk abin da ya rage masa na jini yana Madina, wani a bisa ƙasa wani a ƙarƙashinta.

Bayan damina kwamitin ya fita zagayen iyaka, mutum kusan sittin daga ƙabilun uku, da lauya da shaidu. Suna tafe suna kunna muryar Osman, su tsaya, su duba, su ci gaba. A rana ta biyu, da suka hau wani tudu inda waya ke kamawa, suka kira shi ta bidiyo. Huda ta kawo masa wayar gona da gudu. Idonsa bai iya rarrabe komai a ɗan gilashin ba sai kore-kore da fararen riguna, amma ya ji iska, ya ji kukan wata tsuntsuwa da ya ambaci sunanta nan take. Suka ce sun ɓace, surin da ya faɗa babu shi.

"Ruwa ya cinye shi ke nan. Wa ke gaba? Ɗan Arɗo? To ka juya ka ba dutse baya. Me kake gani?"

"Fili ne, Baba, duk kututture."

"Ka duba ƙasa. Inda suri ya taɓa zama, ƙasar ta fi ja, kuma ciyawa ba ta fitowa sosai."

Can sai hayaniya ta tashi, ana kabbara. Sun gani. Osman ya ci gaba, ya ce su gangara hagu su bi bakin fadama, su lura da aduwa biyu da suka haɗa kai, idan sun wuce su za su ji sanyi ya taso ko da rana tsaka, to ruwa na kusa, a bar tsofaffi su huta a nan. Tun yana tsakiyar maganar layin ya yanke. Huda ta gani. Ta ci gaba da riƙe masa wayar a gaban fuska har ya kai su bakin ƙorama, ya ce su sha ruwa su yi sallah.

Alamomi talatin da takwas suka samu cikin arba'in da bakwai. Sauran tara an kafa duwatsu a inda ya kwatanta. Maganar tana gaban hukuma har yanzu, ba a san yadda za ta kaya ba, kuma masu awon ba su daina zuwa ba, sai dai yanzu duk sanda suka zo sukan tarar da mutane zaune.

Osman na nan a Jurf yana ban ruwa. Kwanan baya Azumi ta aiko da saƙon murya, rabinsa tsiya ce take yi masa, a ƙarshe ta ce kututturan gefen kudu sun yi toho, wasu sun kai ƙugu, har matasa sun fara wasa wuƙaƙensu na ɗiban ƙaro. Ya sa Huda ta kunna masa sau uku. Sannan ya ce ta danna masa wajen amsawa, ya matso da bakinsa kusa da wayar.

"Ki gaya musu kada wanda ya taɓa su sai sun shekara huɗu. Ko sun ga ƙaro na tsatsowa da kansa, su kau da kai. Shekara huɗu cur, Azumi, ko ina nan ko ba na nan."